Sauyin Ƙwayar Halitta da Gadon Cutar Sikila: Bayanin Kimiyya da Mahangar Shari'a

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayanin yadda sauyin harafi guda a ƙwayar halittar ɗan Adam ya haifar da cutar sikila, da yadda ake gadonta, da dalilin yawaitarta a ƙasar Hausa. Ta nuna cewa sauyin da ke jikkata wanda ya gaje shi ta ɓangare biyu shi ne kuma yake kare wanda ya gaje shi ta ɓangare ɗaya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. Daga nan ta dubi matsayin gwajin jini kafin aure a fiƙihu, tana mai la'akari da al'ummar Gusau da Tsafe da Bunguɗu.

1.0 Gabatarwa

Da wuya a sami unguwa a Gusau, daga Sabon Gari zuwa Tudun Wada, da ba a san gidan da ke jinyar mai sikila ba. Yaro ne da hannuwansa da ƙafafunsa ke kumbura tun yana goye, idanunsa su yi ɗorawa, ciwon ƙashi ya hana shi barci duk lokacin da sanyi ya shigo. Iyaye kan ɗauko irin waɗannan yara daga Tsafe da Bunguɗu zuwa Cibiyar Lafiya ta Tarayya ko Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura domin neman ƙarin jini. A gida kuwa sai zargi ya biyo baya: wasu su ce sammu ne, wasu su ce iska ce, wasu su ɗora wa uwa laifi su ce daga danginta ne. Tunda limami da alƙali da malamin zaure su ne ake fara kai wa ƙorafin aure, ya wajaba su san haƙiƙanin lamarin, domin malaman usulu sun tabbatar da cewa hukunta abu reshe ne na fahimtarsa.

2.0 Ma'anar Sauyin Ƙwayar Halitta

A cikin kusan kowace ƙwayar jikin mutum akwai wani dogon rubutu da masana ke kira DNA. Haruffansa huɗu ne kacal, A da C da G da T, amma tsawonsa ya kai haruffa kimanin biliyan 3. An rarraba shi cikin ƙunshi 46 da ake kira kuromosom, 23 daga uba, 23 daga uwa. Kowane yanki na rubutun da ke ɗauke da umarnin gina wani sinadari na jiki shi ne ƙwayar gado.

Duk lokacin da ƙwayar jiki za ta rabu biyu, sai an kwafe rubutun nan gaba ɗaya. Ɗalibin ilimi ya san abin da kan sami littafin da aka daɗe ana kwafa da hannu: ɗigo ɗaya ya ƙaru, ra'un ta koma zayun, ma'ana ta juya. Malaman hadisi sun kira wannan tas'hifi. Irinsa ne ke aukuwa a rubutun halitta, harafi ya musanya, ko ya faɗi, ko ya maimaitu. Kowane jariri yana zuwa da sababbin sauye-sauye gommai waɗanda babu su a jikin iyayensa. Mafi yawansu ba su cutarwa, ba su amfanarwa. Kaɗan suna jawo cuta, kaɗan kuma suna da amfani. Sauyin da ya auku a fata ko hanta yana ƙarewa da mai shi. Wanda ya auku a maniyyi ko ƙwan mace shi ne ke wucewa ga zuriya.

3.0 Harafi Ɗaya da Cutar Sikila

Jajayen ƙwayoyin jini suna ɗaukar iskar numfashi ne da wani sinadari mai suna himogulobin. Umarnin gina wani sashe nasa yana kan kuromosom na 11. A wurin mafi yawan mutane, kalma ta shida ta wannan umarni ita ce GAG, a wurin wasu kuma ta koma GTG. Wannan musanya ta A da T ita ce asalin sikila baki ɗaya. Himogulobin da aka gina da umarnin da ya sauya, wanda ake yi wa alama da S, yakan dunƙule ya yi tauri idan iska ta yi ƙaranci, sai ƙwayar jinin ta lanƙwashe kamar lauje. Ƙwayar da ta lanƙwashe tana toshe ƙananan hanyoyin jini, daga nan ciwon ƙashi da shanyewar ɓarin jiki da lalacewar saifa ke tasowa. Tana kuma mutuwa cikin kwana 10 zuwa 20, alhali lafiyayya takan kai kwana 120, wannan ne sababin ƙarancin jini.

Likita James Herrick na Chicago ne ya fara siffanta cutar a rubuce a 1910. A 1949 Linus Pauling da abokan aikinsa suka gano cewa aibin yana cikin himogulobin, sannan a 1956 zuwa 1957 Vernon Ingram ya nuna ainihin gurbin da ya sauya. Hausawa kuwa sun daɗe da sanin alamominta, suna kiranta amosanin jini.

4.0 Yadda Ake Gadonta

Gadon halitta ya saɓa wa gadon dukiya. A mirasi rabo yana bambanta gwargwadon kusanci da jinsi, amma a nan uba da uwa kowa rabi yake bayarwa, ɗa da 'ya kuma daidai suke karɓa. Wanda ya karɓi A daga ɓangarorin biyu shi ne AA. Wanda ya karɓi A da S shi ne AS, lafiyarsa ƙalau, sai dai yana ɗauke da sauyin a ɓoye. Wanda ya karɓi S ta ɓangaren uba da ta ɓangaren uwa shi ne SS, mai cutar. Akwai kuma wani sauyi a wannan gurbi mai alamar C, wanda idan ya haɗu da S yakan haifar da cutar, galibi da sauƙi-sauƙi.

Idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zama SS, biyu cikin huɗu AS, ɗaya cikin huɗu AA. Mutane da yawa suna kuskuren fahimtar wannan lissafi, suna zaton ɗa na huɗu ne zai zo da cutar. Kowane ciki ƙuri'arsa daban, don haka gida ɗaya kan haifi 'ya'ya shida ba mai sikila, wani kuma ya haifi uku a jere duk masu ita. Idan ɗaya daga cikin ma'aurata AA ne, ba za a haifi SS ba. Wannan ya isa hujja cewa ɗora wa uwa laifi zalunci ne, domin babu mai sikila face mahaifinsa ya ba shi rabin abin da yake ɗauke da shi.

Ɓuyan siffa a zuriya da bayyanarta daga baya abu ne da sunna ta tabbatar. Buhari da Muslim sun ruwaito labarin mutumin da ya yi shakkar ɗansa saboda launin fatarsa. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tambaye shi game da raƙumansa jajaye da ake samun mai launin toka a cikinsu. Da mutumin ya danganta hakan ga wani asali na can baya, sai aka nuna masa cewa ɗansa ma haka ne, ba a ba shi damar kore shi ba.

5.0 Dalilin Yawaitarta: Kariya Daga Zazzaɓi

Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu sikila. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2006 ya nuna ana haihuwar jarirai kimanin 150,000 da cutar a kowace shekara, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu AS ne. Abin tambaya shi ne: me ya hana sauyi mai kashe yara tun kafin su yi aure ya ƙare da kansa?

Anthony Allison ya amsa wannan a 1954 bayan bincikensa a Gabashin Afirka. Ƙwayar zazzaɓin cizon sauro a cikin jajayen ƙwayoyin jini take hayayyafa, kuma ba ta samun sakewa a jinin AS kamar yadda take samu a jinin AA. Binciken baya-bayan nan ya nuna cewa haɗarin zazzaɓi mai tsanani yana raguwa da kusan kashi 90 cikin 100 ga yaro AS. A ƙasar da sauro ke ɗibar yara duk damina, 'ya'yan AS sun fi tsira, suka girma, suka yaɗa sauyin.

An tabbatar da haka a ƙasar Hausa. A aikin binciken zazzaɓi da Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Nijeriya suka gudanar a Garki, cikin Jihar Jigawa ta yanzu, tsakanin 1969 da 1976, Alan Fleming na Jami'ar Ahmadu Bello da abokan aikinsa sun tarar kashi 24 cikin 100 na jarirai AS ne, amma a cikin waɗanda suka haura shekara biyar adadin ya kai kashi 29. Masu SS kuwa kimanin kashi 2 ne a jarirai, suka ragu zuwa ƙasa da rabin kashi ɗaya a 'yan shekara ɗaya zuwa huɗu. Alƙaluman sun nuna fuskokin sauyin guda biyu a ƙauyuka ɗaya: yana raya wasu, yana ɗauke wasu. Wannan ya kuma sa a yi tunanin cewa wani kaso na abin da ake kira wabi a da, wato mace ta riƙa haihuwa 'ya'yan suna mutuwa, sikila ce da ba a gane ba.

Kariyar AS ba cikakkiya ba ce, mai ita yana kamuwa da zazzaɓi, kuma bai wadatu daga gidan sauro ba. Mai SS kuwa zazzaɓi na cikin manyan abubuwan da ke halaka shi. Ita ma ƙwayar zazzaɓin tana sauyawa: sauyin da ya auku a halittarta ne ya karya ƙarfin kulorakwin, har Nijeriya ta sauya maganin farko zuwa haɗin atimisinin a 2005.

6.0 Gwaji Kafin Aure a Mahangar Fiƙihu

Kiyaye zuriya na cikin manufofi biyar na Shari'a, kuma ƙa'ida ce cewa ana gusar da cuta. Riƙo da sababi bai saɓa wa imani da ƙaddara ba. Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa Sayyidina Umar ya juya da jama'arsa daga hanyar Sham da ya ji labarin annoba, ya kuma bayyana cewa juyawar ita ma cikin ƙaddarar Allah take.

Malaman zamani sun haɗu a kan halaccin gwajin, sun saɓa a kan tilasta shi. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa, a zamanta na 17 a Makka cikin 2003, ta ga cewa bai halatta a ƙara wa ɗaurin aure sharaɗin da Shari'a ba ta sa ba, amma ta yi kira da a wayar da kan jama'a a kuma sauƙaƙa gwajin tare da rufe sirrinsa. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Haɗin Kan Ƙasashen Musulmi kuwa, a zamanta na Riyad cikin 2013, ta ba shugaba damar wajabta shi saboda maslahar jama'a. Saudiyya ta wajabta gwajin tun 2004, ta bar wa masu neman aure zaɓi bayan an yi musu bayani. Jihar Kano ta kafa dokar gwajin lafiya kafin aure a 2024.

Abubuwa uku ne suka fito daga wannan. Na farko, kasancewa AS ba ya cikin aibobin da Malikiyya suka ce suna ba da zaɓin warware aure, irin su hauka da kuturta da albaras, domin mai shi lafiyayye ne. Matsalar tana cikin haɗuwar biyu ne. Na biyu, auren da aka riga aka ɗaura tsakanin AS da AS ingantacce ne, kuma 'ya'yan da aka haifa amana ce. Na uku, ɓoye sakamako ko sayen takardar ƙarya algus ne da Shari'a ta haramta, kuma wanda zai ɗanɗana kuɗarsa yaro ne da ba a yi shawara da shi ba.

Game da auren zumunci, gaskiya ne yana ƙara yiwuwar haɗuwar sauyi iri ɗaya a dangin da ke ɗauke da shi. Sai dai inda ɗaya cikin huɗu AS ne, kimanin aure ɗaya cikin 16 zai haɗa AS biyu ko da babu dangantaka. Auren bare bai wadatar daga gwaji ba, a Sabon Gari inda ƙabilu suka cakuɗa ko a ƙauyen da kowa ɗan'uwan kowa ne.

7.0 Kammalawa

Mafi yawan ɓacin rai yana zuwa ne daga lokacin da ake yin gwajin. Idan sai an kai kuɗin gaisuwa, an sa rana, an haɗa lefe sannan aka je asibiti, janyewa takan yi nauyi, ƙarya kuma ta yi sauƙi. Abin da ya fi shi ne iyaye su san nau'in jinin 'ya'yansu tun suna makarantar allo ko Islamiyya, a ɗakin gwaji amintacce, a kuma bambance shi da rukunin jini na O da A da B wanda ake dubawa wajen ƙarin jini. Waliyyi ya tambaya tun ranar da aka zo neman izini, limami kuma ya yi bayani a kan mumbari ba tare da ya kunyata kowa ba.

Waɗanda aka riga aka haifa da cutar suna da haƙƙin kulawa. Gano ta da wuri, da rigakafi, da maganin kariya daga zazzaɓi, da yawan shan ruwa suna tsawaita rayuwa da izinin Allah. Binciken da aka yi a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ya nuna amfanin maganin haidiroksiyuriya wajen kare yara daga shanyewar ɓarin jiki. Mai SS zai iya karatu, ya yi sana'a, ya auri AA ya haifi 'ya'yan da ba su da cutar. Tallafa wa iyayensa da kuɗin magani da ba da gudummawar jini suna cikin taimakekeniya a kan alheri da aka umarci Musulmi da ita. Allah ne Mafi sani.