Rubutu a Tsaye: Abin da Ginshiƙin Ƙofarmu Ya Koya Mana



Duk wanda ya saba shiga lungunan Sabon Zongo, Nima ko Mamobi ya san fili ya yi mana kaɗan. Unguwar da Malam Bako ya kafa fiye da shekara 100 da suka wuce ta cika maƙil, bango na jingine da bango. Shi ya sa da aka gyara ƙofar makarantarmu a bana, ba a sami wurin kafa allo mai faɗi ba, sai ginshiƙi ɗaya dogo siriri. Aka ce a sa sunan makaranta a jikinsa, da boko da Larabci.

Samfurin farko da aka bugo mana a wani shago, Malam na ganinsa ya cire tabarau ya ce, "Wannan kuma wane yare ne?" An jera haruffan Larabcin ɗaya bisa ɗaya, mim a sama, dal a ƙarƙashinta, kowane harafi shi kaɗai kamar karatun babbaƙu. Sai muka ɗauki takardar muka kai wa wani yayanmu, tsohon ɗalibin makarantar nan, wanda yanzu yake zanen gine-gine da kwamfuta. Muka ce, "Yaya, ina kuskuren yake?" Ya buɗe mana AutoCAD, manhajar da kamfanin Autodesk na Amurka ya fara fitarwa a 1982, ya nuna mana.

Ashe rubutu a tsaye iri biyu ne. Na farko shi ne a ɗora haruffa bisa juna, kowanne yana miƙe, ana karantawa daga sama zuwa ƙasa. Na biyu shi ne a rubuta layin yadda aka saba, sannan a juya shi gaba ɗayansa har ya miƙe. A cikin manhajar, na farkon zaɓi ne da ake kunnawa a wurin saita salon rubutu, kuma ba kowane nau'in haruffa ke karɓarsa ba, galibi sai nau'in da ake kira SHX. Na biyun kuwa kusurwa kawai ake ba layin. Kwamfuta tana ɗaukar hannun dama na zane a matsayin gabas, wato digiri 0, tana ƙirgawa saɓanin tafiyar hannun agogo. In ka ba rubutu digiri 90, ya tsaya, kan haruffa na kallon hagu. In ka ba shi 180, ya kife.

To, boko yana jure wa jeri, don haruffansa a rarrabe suke. Larabci kuwa bai yarda ba sam. Mun san haruffa 28 ne, kuma mafi yawansu suna canja kama gwargwadon wurinsu: farkon kalma, tsakiya, ƙarshe, ko a ware. Guda 6 ne kaɗai ba sa riƙe na gabansu, wato alif, dal, zal, ra, zain da wau. Sauran duk hannu da hannu suke tafiya. In ka tsinke su ka ɗora bisa juna, ka kashe kalmar, lam'alif ma ba ta da inda za ta zauna. Saboda haka Larabci, da ajaminmu na Hausa, hanya ɗaya gare su in za su tsaya: a juya layin ɗungurungum.

Nan ne muka yi dariya, don ai mun daɗe muna ganin wannan ba mu lura ba. Ku ɗauko tsohon Ahalari ko Ishmawi na iyayenmu ku dubi gefen shafi. Malamai in wuri ya ƙure musu, juya takarda suke yi su rubuta hashiya a tsaye, wani lokaci a karkace, amma ba za ku taɓa ganin sun tsinke kalma ba. Yaya ya ƙara mana da cewa Sinawa da Japanawa tun asali daga sama zuwa ƙasa suke rubutu, don kowace alama tasu tana zaman kanta. Tsohon rubutun Mongoliya kuwa, wanda haruffansa ke haɗe kamar namu, asalinsa daga dangin rubutun da ake yi daga dama zuwa hagu ne, aka juya layin ya koma tsaye.

Amma a zanen gini, maganar ta wuce ta ado. Ƙa'idar masu zane ita ce a iya karanta kowane rubutu da kowace lamba daga ƙasan takarda ko daga damanta, ban da sama, ban da hagu. Wato rubutun tsaye digiri 90 ake ba shi, ba 270 ba. Dalili? Magini yana kan aiki, takarda a hannu ɗaya, igiyar awo a ɗaya, ba zai yi ta juya ta kamar waina ba. Kuma lambar da ta kife tana yin ƙarya. Katangar da aka ce kaurinta inci 6, in lambar ta kife ta zama inci 9, kuɗin bulo da siminti ya tashi, ɗaki kuma ya matse. Lambobin Larabci ma ba su tsira ba: ku kife bakwai ku gani, takwas ce za ta fito.

Yaya ake yi rubutu ya kife, alhali ba wanda ya nufa? Yawanci wajen juya dukan zanen ne. Ɗauki zanen masallaci. Mu muna cewa "mun fuskanci gabas", amma alƙibla daga nan Akra ta karkata arewa, kusan digiri 64 daga arewa zuwa wajen gabas. Mai zane yakan zana ginin a miƙe don sauƙi, daga baya ya juya shi ya dace da alƙibla a kan filin, sai duk sunayen ɗakuna da lambobi su juya tare da shi. Akwai umarni mai suna TORIENT da ke miƙar da su ba tare da sun bar wurinsu ba, amma sai mutum ya tuna ya duba kafin a buga. Mu dai a ganinmu, wannan dubawar ta minti biyar ta fi rushe katanga arha.

Abin da ya fi burge mu shi ne lokacin da Yaya ya ajiye layukan biyu gefe da gefe, ya ba kowanne digiri 90. Bokon ya fara daga ƙasa yana hawa, Larabcin ya fara daga sama yana sauka, kuma duka biyun da karkata kai hagu sau ɗaya ake karanta su. Ya buga a takarda daidai girman ginshiƙin, muka kai wa Malam ya duba ɗigo da wasali ɗaya bayan ɗaya. Ya gyara ɗigo biyu na ta marbuɗa da suka matsu da juna, sannan ya ce a kai wa mai walda.