Mai Ɗaki Shi Ya San Inda Yake Yoyo

'Yan'uwa manoma, da yawa daga cikinmu muna da ɗa ko ƙane, malamin makaranta ko malamin gona, wanda yake haya a gidan gwamnati a Daura ko Katsina. In muka kai ziyara daga Sandamu, kukan ɗaya muke ji: rufi yana yoyo, famfo ya mutu, magudanar ruwa ta toshe, kuma babu wanda za a faɗa wa. Bari mu duba inda cutar take.

A 1980 gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta soma aikin gidaje masu sauƙin kuɗi. Niyyarta ita ce ta gina gida 2,000 kowace shekara a kowace jiha. A lokacin nan jihohi 19 ne, ƙasar Daura kuwa tana cikin Jihar Kaduna, don sai 1987 aka kafa Jihar Katsina. Niyya mai kyau ce, amma ba a shawarci waɗanda za su zauna ciki ba. Fasali iri ɗaya aka bi ko'ina a ƙasar nan. Mu kuwa mun san gida ba ya cika sai da zaure, da katanga, da tsakar gida inda mata za su yi daka, da wurin turke. An kuma kafa da yawa can bayan gari, nesa da ruwa da kasuwa. Soja suka karɓi mulki ranar 31 ga Disamba 1983 ba a cika adadin ba, waɗansu gidajen kuma suka daɗe babu kowa ciki.

Rashin shawara ba ya tsayawa wurin gini kaɗai. Ma'aikacin da ke ofis ba ya kwana a gidan. Ɗan haya kuma yakan ce, ai ba nawa ba ne. Tsakanin su biyu sai gini ya lalace.

A Ingila sun nemi magani. Tun 1994 doka ta ba 'yan hayar gidajen ƙaramar hukuma izni su kafa ƙungiya su karɓi aikin lura da unguwarsu, muddin gidajen sun kai 25. Hukuma tana ba su kuɗin gyara da shara, su kuma suna ba da lissafi.

Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu, don haka muke tafiyar da ƙungiyarmu ta gama kai. Ga abin da za mu faɗa wa 'ya'yanmu:

Na ɗaya, su tara dukan 'yan haya, su zaɓi shugaba da magatakarda da ma'aji. Kowane gida ƙuri'a ɗaya, babba da ƙarami.

Na biyu, a sa mata cikin kwamiti. Su ne suka fi sanin zancen ruwa da makwarara da madafa.

Na uku, a sami littafi a rubuta kowace ɓarna da ranar da aka gan ta. Kuka a kai shi a rubuce, da sunan ƙungiya, a ajiye kwafi. Ana iya korar mutum ɗaya daga bakin ofis, amma takardar gida talatin tana da nauyi.

Na huɗu, a nemi yarjejeniya a rubuce: wane gyara ne na hukuma, wane ne na ɗan haya.

Na biyar, kuɗin da aka tara a karanta lissafinsa gaban kowa. Gyaran rufi da yashe magudana a gama su tun bazara, kafin ruwan fari.

Mu kanmu akwai darasi. Duk ranar da aka zo da zancen gina gidaje, ko rumbun ƙungiya, ko rijiya a ƙauyenmu, mu nemi a zauna da mu tun ba a aza tubali ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.