Mai zuƙowa ko kafaffe: Wane gilashin kyamara ya fi fito da hoton fuska?

Duk matashin da ya shiga sana'ar ɗaukar hoto, bayan ya mallaki kyamara, tambayar da ke biyo baya ita ce wane gilashi zai ɗaura mata. Lamarin ba na wasa ba ne, domin kayan daga waje ake shigo da su, farashinsu kuma yana bin dala. Sau da yawa jarin ba ya wuce na gilashi ɗaya.

Gilasan iri biyu ne. Akwai mai zuƙowa, wato zum, wanda ake murzawa ya jawo abu kusa ko ya mayar da shi nesa, kamar mai lamba 24-70 ko 70-200. Akwai kuma kafaffe mai lamba ɗaya tak, kamar 50 ko 85, wanda idan ana son kusanto da mutum sai dai mai hoto ya taka da ƙafarsa.

Haske da nauyi

Babban abin da kafaffe ya fi zum shi ne faɗin ƙofar haske. Ana auna ƙofar da harafin f, kuma ƙaramar lamba ita ce babbar ƙofa. Zum ɗin 18-55 da ke zuwa tare da yawancin ƙananan kyamarori yana tsukewa zuwa f/5.6 idan an zuƙo shi ƙarshe. Kafaffen 50 mai f/1.8 kuwa yana shigar da haske kusan ninki goma na wannan.

Amfanin hakan biyu ne. A ɗakin amarya ko zauren biki mai ƙarancin haske, hoto zai fita tas ba tare da an haska wa mutane fitila a ido ba. Sannan bayan mutum zai dusashe, fuskarsa kaɗai ta fito fili.

Ga kuma sauƙin ɗauka. Kafaffen 50 na kamfanin Canon da ya fito a 2015 nauyinsa giram 160 ne, yayin da zum ɗin kamfanin na 70-200 mai f/2.8 ya kai kusan kilo ɗaya da rabi, kuɗinsa kuma ya ninka na kafaffen sau da yawa.

Sai dai babbar ƙofa tana da sharaɗi. A f/1.8, idan mutum ya ɗan karkata kai, ido ɗaya zai iya fitowa sarai ɗayan ya dusashe. A hoton dangi masu layi biyu, dole a tsuke ƙofar zuwa f/5.6 ko f/8, kuma a nan fifikon kafaffen ya ragu ƙwarai.

Nisa ne ke gyara fuska

Mutane da yawa na ɗora wa gilashi laifin kumbura hanci a hoto, alhali kusanci ne ke jawo hakan, kamar yadda ake gani a hoton da mutum ya ɗauki kansa da waya. Shi ya sa ƙwararru ke son lamba 85 zuwa 135, domin tana sa su ja da baya. Shahararren hoton yarinyar Afghanistan da Steve McCurry ya ɗauka a 1984, wanda ya fito a bangon mujallar National Geographic a 1985, da kafaffen gilashi mai lamba 105 aka ɗauke shi.

Mai ƙaramar kyamara ya lura cewa na'urar ɗaukar hotonta ƙarama ce, don haka gilashin 50 yana aiki a kanta kamar 75 a Nikon ko 80 a Canon. Ke nan ba sai ya sayi 85 ba, musamman idan shagonsa matsattse ne.

Inda zum ke da rana

Kafaffe yana buƙatar fili da lokaci, abubuwan da taro ba ya bayarwa. A hawan Daushe a Kano, babu mai tsayar da doki don a canja gilashi, kuma dogarai ba za su bari a matso kusa da sarki ba. Haka wajen kamu ko ɗaurin aure, inda a cikin minti ɗaya ake bukatar hoton taron da na fuskar ango. Yawan cire gilashi a lokacin hunturu kuma yana shigar da ƙura cikin kyamara.

Saboda haka, kafin mai hoto ya kai kuɗinsa kasuwa, ya duba inda ya fi samun aiki. Idan shago ne ko hoton kafin aure, inda shi ke cewa a tsaya nan a juyo can, kafaffen 50 ko 85 ya ishe shi. Idan kuwa abincinsa a wajen taro yake, gara ya daure ya tara kuɗin zum mai f/2.8, ya bar kafaffen sai ciniki ya buɗe.