Bisharar Lindisfarne: Hannuwan da Ta Bi

A darasin tarihin ikilisiya mukan tsaya a kan abin da littafi ya ƙunsa, ba mu cika tambayar hannun wa da wa ya bi kafin ya iso gare mu ba. Bari mu bi sawun littafi guda, wanda ake kira Bisharar Lindisfarne.

Kundi ne na Matiyu, Markus, Luka da Yohanna cikin harshen Latin. An rubuta shi da hannu a kan fatun maruƙa, aka ƙawata shi da zane mai launi iri-iri, a farkon ƙarni na 8, a gidan sufaye na tsibirin Lindisfarne da ke arewa maso gabashin Ingila. Littafin sujada ne na manyan ranaku. A cikinsa akwai jerin karatun bukukuwa da ya yi daidai da na ikilisiyar Naples ta Italiya, abin da ke nuna inda littafin da aka kwafa ya fito.

A 793 mahara daga arewacin Turai suka faɗa wa tsibirin ta teku. A 875 sufayen suka tashi, suka ɗauki gawar tsohon bishop ɗinsu Cuthbert da wannan littafi, suka yi wajen shekara bakwai suna yawo kafin su zauna a Chester-le-Street. Mai hidimar da ya yi aiki a yankin Danko-Wasagu ko Sakaba a 'yan shekarun nan ya san yadda jama'a ke zaɓen abin ɗauka in gudu ya kama. Da yawa cikinmu ba za mu iya faɗin inda littafin baftisma na majami'un da suka watse yake yau ba.

A Chester-le-Street ne, a ƙarni na 10, wani firist mai suna Aldred ya yi abin da a ganina ya fi duk zanen daraja. Ya bi layi-layi yana rubuta ma'anar kowace kalmar Latin a samanta da tsohon Turanci, kamar yadda wasu dattawanmu kan rubuta C'Lela a gefen Littafi Mai Tsarki na Hausa. Mai son kwalliya zai ce ya ɓata shafi. Amma wannan ce fassarar Bishara mafi tsufa da ta rage cikin Turanci. A ƙarshen littafin kuma ya rubuta sunayen masu aikin: Bishop Eadfrith, wanda ya rasu a 721, shi ya rubuta, Bishop Ethelwald ya ɗaure shi, Billfrith ya yi wa bangon ado da zinariya da duwatsu masu daraja. Ɗalibi ya lura, Aldred ya rubuta wannan fiye da shekara 200 bayan aikin. Shaidar gado ce, ba ta ganau ba, ko da yake yawancin masana sun karɓe ta.

A 995 jama'ar suka koma Durham. Bayan Sarki Henri na Takwas ya rushe gidajen sufaye a ƙarni na 16, littafin ya fita daga hannun ikilisiya. A farkon ƙarni na 17 yana wurin Robert Bowyer, magatakardan majalisa a Landan, daga nan ya koma hannun Robert Cotton, mai tara tsofaffin littattafai. A 1753 tarin Cotton ya shiga British Museum, yanzu kuwa littafin yana British Library. Bangon Billfrith ya ɓata tun tuni. Wanda ke jikinsa an yi shi ne a 1852.

To, na wa ne? Mutanen arewa maso gabashin Ingila sun daɗe suna cewa a mayar musu da shi. Masu riƙonsa suna cewa su ke da halin adana shi, kowa kuma na iya zuwa ya gani. Ni dai na fi jin hujjar farko, don an yi littafin ne a karanta shi a gaban jama'a masu sujada. An kai shi aro Durham a 2013, da Newcastle a 2022, kowane karo aka mayar da shi Landan.