3.4 Kula da Injin Jirgin Ruwa a Yankin Watari

Mutanen arewacin Kano manoma ne tun kaka da kakanni, ba su gaji sana'ar ruwa ba kamar Sarkawan ƙasar Yawuri. Madatsar ruwa ta Watari da aka gina a ƙasar Ɓagwai tsakanin 1977 da 1980 ita ce ta shimfiɗa tafki a tsakanin ƙauyuka, har ya zama mutumin Badau da ke son cin kasuwar Ɓagwai ya ga shiga jirgi ya fi masa sauƙi a kan zagaye. A kogin Kwara kuwa, musamman bayan kammala madatsar Kainji a 1968, jiragen inji kan yi wuni guda suna tafiya da kaya da fasinja daga Yawuri zuwa garuruwan bakin tafkin. Duk da wannan bambanci na nisa, irin kulawar da inji yake buƙata ɗaya ce.

Injin da aka fi sani shi ne wanda ake rataya wa a bayan jirgi, kamar samfurin Yamaha mai ƙarfin doki 40. Irin wannan inji ba shi da wurin zuba baƙin mai daban, don haka a cikin fetur ake gauraya masa shi, yawanci kashi 1 na man inji a cikin kashi 50 na fetur, wato rabin lita a cikin lita 25. A nan ne ganganci ya fi yawa. Idan aka rage man don a yi tsimi, fistin yakan yi zafi ya kame. Idan kuma aka cika shi, sai hayaƙi ya yawaita, fulogi ya yi baƙi, inji ya riƙa ƙin tashi. Fetur ɗin bakin hanya da aka sirka da kananzir, ko wanda ruwa ya shiga, shi ma yana toshe kafireta, kuma ba ya nuna halinsa sai an yi nisa da gaɓa.

Abu na biyu shi ne sanyaya inji. Ruwan da jirgi yake tafiya a kai shi injin yake zuƙa ta wasu ƙananan ƙofofi a ƙasansa, wata 'yar farfelar roba ta tura shi sama, sannan ya tsarto siriri ta baya. Gogaggen matuƙi ba ya barin gaɓa sai ya ga wannan tsartuwa. Da rani, lokacin da ruwa ya ja baya, laka da yashi sukan cinye robar, kainuwa da leda kuma su toshe ƙofofin. Tayar da inji a tudu ba ruwa, ko na ɗan lokaci ne, yana ƙone ta.

Har ila yau akan sauya man giya bayan kimanin awa 100 na aiki. In ya fito fari-fari kamar madara, alama ce ruwa ya shiga, kuma sau da yawa zaren komar masunta ne ya naɗe a gindin farfela ya yanke robar da ke tare man.

Mai doguwar tafiya a Kwara ba ya rabuwa da fulogi na ajiya, da igiyar tayar da inji, da filafili, domin babu makanike a tsakiyar ruwa. A Watari, gajartar hanya takan sa a raina wannan shiri, kamar yadda takan sa a raina yawan lodi, alhali jirgin da ya sha kaya fiye da kima yana wahalar da inji, bakinsa kuma yana kusantar ruwa. Ranar 30 ga Nuwamba, 2021, wani jirgi da ya taso daga Badau da mutane fiye da ƙarfinsa ya kife a wannan tafki, aka rasa aƙalla mutum 29, akasarinsu ɗaliban Islamiyya da ke kan hanyar zuwa Maulidi.