Mai ɗaukar ɗan ƙodago, doka ta san da kai



Bayan girbin bara wani ɗalibina ya zo ajin yaƙi da jahilci nan Gangara ransa a ɓace. Wata 7 ya yi yana kiwon shanun wani mai hali. Sun shirya da baki a kan maraƙi guda da damen hatsi 10. Da lokacin biya ya yi, mai shanu ya ce shi dame 5 ya faɗa, maraƙi kuwa bai tuna ba. Babu shaida, babu takarda. Aka je gaban mai gari, aka yi ta rantse-rantse, yaro ya tashi da dame 7.

Da yawa cikinmu suna tsammanin dokar aiki ta mutanen biro ce da ke Yamai da Damagaram. Ba haka ba ne. Dokar aiki ta ƙasarmu Nijar, mai lamba 2012-45 ta ranar 25 ga Satumba 2012, ta ce duk wanda ke aiki ƙarƙashin wani don a biya shi, ma'aikaci ne. Wanda ya sa shi aikin kuma akwai haƙƙi a wuyansa. Gayya ba ta ciki, don taimakon juna ce. Amma in ka ɗauki mutum noma, ko kiwo, ko tsaron injin niƙa a kan lada, to, da kai ake.

Ga abin da doka ta ɗora wa mai ba da aiki. Tun Janairu 2024 albashi mafi ƙanƙanta jikka 42 ne a wata. Kafin nan jikka 30 ne da ƴan tammomi. Ma'aikaci yana da hutun yini guda kowane mako. Kowane wata na aiki yana tara masa hutun kwana 2 da rabi, ana biyansa. Mace mai ciki tana da hutun haihuwa na mako 14. Ba a ɗaukar yaron da bai cika shekara 14 ba. Aikin tilas haramun ne, kuma tun 2003 mai bautar da mutum ɗauri ke jiransa.

Sai maganar haɗari, wadda ta fi damuna. Kun san zurfin rijiyoyin Damargu. In ƙasa ta rufta wa mai haƙa, ko belin injin ya cinye wa yaro yatsu, wa zai biya magani? Mu dai mukan ce ƙaddara ce, mu kai gaisuwa da ƴar dala. Doka ta ce mai ba da aiki ya rubuta ma'aikacinsa a asusun CNSS, ya riƙa zuba kuɗi. Kaso mafi tsoka daga aljihunsa yake fitowa, ɗan kaɗan daga albashin ma'aikaci. Asusun nan ne ke ɗaukar jinya in an ji rauni wurin aiki, shi ne kuma ke biyan kuɗin tsufa. Samarinmu masu tafiya cin rani, in kun samu aikin kamfani, ku tambayi lambarku ta CNSS da takardar biya ta kowane wata.

Kada wani ya ce manya sun fi ƙarfin wannan magana. Duk mai bin hanyar Tanut zuwa Damagaram ya ga matatar man fetur ta SORAZ kusa da Bakin Birji, wadda aka buɗe a 2011. A watan Maris 2025 gwamnati ta sallami shugabanni 3 ƴan ƙasar Sin na kamfanonin mai, har da na SORAZ, ta ce su bar ƙasa. Cikin dalilan da aka bayar akwai ratar albashi tsakanin baƙi da ƴan ƙasa.

Gaskiya ita ce, biron masu binciken aiki, wato Inspection du Travail, yana Damagaram. In ma'aikaci ya kai kuka, sukan kira mai gidansa su nemi sulhu, in ya faskara a tafi kotu. Amma hanya da nisa, kuɗin mota ma zai cinye ladar mako guda. Na kuma san manomi mai gona guda ba ya ɗaukar mutum da albashin wata, kwana 3 ne ko 4 na noman fari. Doka ta ce a biya lada da kuɗi, mu kuwa nan da hatsi da bisashe muka saba.

Don haka abin da ke hannunmu shi ne alƙalami. Kafin a ɗaga hauya ko a kora shanu, a samu takarda 2. A rubuta sunan mai aiki da na mai gida, irin aikin, ranar farawa da ranar gamawa, lada nawa, da wanda zai ciyar. Makiyaya su ƙara da adadin bisashe, da abin da za a yi in wata ta ɓata ko ta shiga gonar wani. Shaidu 2 su sa hannu ko su dangwala, kowa ya riƙe tasa.

Ɗalibin nan nawa ya koma kiwo bana wurin wani mutum daban. Shi ya rubuta takardar da hannunsa, da Hausa, layi 6. Na gyara masa kalma 2 kawai. Wanda ke son ya ga samfurinta ya zo aji ranar Laraba bayan la'asar, ya taho da littafinsa.