Allurar da Ke Tsoron Zafi

Duk ungozomar da ta yi karatu a Kafanchan ta san 'yar kwalbar nan ta oksitosin. Jariri na faɗowa a yi wa uwa allurar a cinya, mahaifa ta tsuke, jini ya tsaya. Maganin nan dangin abin da masana ke kira feftayid ne, wato 'yan ƙwayoyin gina jiki da aka jera kamar duwatsun jigida. Na oksitosin tara ne, na insulin ɗin masu ciwon suga kuwa 51.

Sai dai zafi na lalata shi. Ana so ya zauna cikin firji, tsakanin digiri 2 zuwa 8. To, ɗauki ƙaramin asibiti a ƙauyen da ke bayan Godogodo, a watan Maris, ga wuta ta yi kwana uku ba ta leƙo ba. Kwalbar tana nan garau, ruwan fari tas, amma ƙarfin ya tafi. Wani bincike da aka wallafa a 2018 ya gano kusan uku cikin huɗu na samfurin oksitosin da aka tattaro a Najeriya sun faɗi gwajin inganci. Wannan ya fi komai tayar mini da hankali, domin mai jegon da jini ya ɓalle wa ba ta da lokacin jira. A shekarar ce Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da sakamakon gwajin kabetosin, ɗan'uwan oksitosin mai jure zafi, a kan mata kusan 30,000 a ƙasashe goma, har da Najeriya.

Haka ake tabbatar da magani. Ba haka BPC-157 yake ba, wani feftayid da ake tallata wa samari masu ɗaga ƙarfe da 'yan ƙwallo a intanet, wai yana haɗa jijiyar da ta yage. Yawancin hujjarsa a jikin ɓeraye aka samo ta, kuma hukumar WADA mai yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta haramta shi ga 'yan wasa tun 2022. Ko Ozempic, feftayid ɗin masu ciwon suga mai rajista, sai da aka yi gargaɗi kan jabunsa a 2024.

Ɗan'uwa, kwalbar da ba ta da lambar NAFDAC kada ta kusanci jikinka. Gwamnatin Kaduna kuma ta taimaka ta sa firji mai sola a kowane ɗakin haihuwa, daga Kagoro har Kwoi.